Hatsin Mai Bishara

Duk wanda ya san Inna Habsa a Filinge ya san ba ta iya ganin ramammen mutum ta wuce. A madafar kantin ɗin lakwal, wurin cin abincin ƴan makaranta, ta ƙare shekarunta na aiki, tana tuƙa wa ɗiyan mutane tuwo, kuma daga can ta ɗauko ma'auninta na kanta. In kumatunka sun ciko, kana da masu sonka. In sun faɗa, to wani ya yi sakaci, kuma sai ta nemo shi. Aikin koyarwa ne ya kawo mijinta garin daga gabas, shi ya riga mu gidan gaskiya, ita ta yi zamanta. Muryarta ma ta madafa ce, wadda ta saba ratsa hayaƙi da ƙarar tukwane. Ko raɗa ta yi sai maƙwabta sun ji.

Majami'arsu ƙarama ce, ɗaki guda mai rufin kwano a bayan gari, ko kowa ya zo ran Lahadi bencina ba sa cika. Amma suna da abin tinƙaho, domin su ma sun aika mai bishara. Ibrah sunansa, saurayi mai sanyin magana, wanda ya taɓa aikin jinya kafin ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki. Ikilisiya ta ɗora masa hannu ta tura shi Tungar Gawo, wani ɗan ƙauye can bayan Tabla inda babu Kirista ko ɗaya. Yana wanke gyambo, yana ɗiga maganin ido, yana koya wa mai so karatu. In an tambaye shi labarin Yesu ya faɗa, in ba a tambaya ba ya ɗauki hauya ya bi mutane gona.

Zamansa a can kuwa a wuyan mutum ɗaya ya rataya. Lokacin da ya isa, rabin ƙauyen cewa suka yi ya koma inda ya fito. Wani dattijo manomi mai suna Magagi, musulmin da ba ya wasa da salla, shi ya miƙe a gaban mai gari ya ce wannan baƙonsa ne, a ƙofarsa ya yi sallama, kuma muddin daga akushinsa yake ci, wanda ya taɓa shi Magagi ya taɓa. Mai gari ya ce an ji, amma a riƙe maganar yadda aka faɗe ta. Ranar da baƙo ya koma cin abincin da ba na akushin ba, ranar baƙunci ya ƙare, sai ya kama hanya. Ibrah da bakinsa ya ba ikilisiya labarin nan, Habsa tana bencin gaba, har ta fi kowa ƙarfin amin. Sai dai ita abin da ta kwasa a ciki shi ne Allah ya tanadar wa yaron mai ba shi abinci. Sauran maganar ta bi ta kunne ɗaya ta fita ta ɗayan.

Matan zumunta, waɗanda Habsa ke shugabanta, suna da hanyarsu ta tallafa masa. Kowace mace in ta auni hatsin da za ta daka, sai ta ɗebi hannu guda ta zuba a wata tukunya ta daban, ta ce, "Ubangiji, ka tuna da Ibrah." Ran Laraba su haɗu su yi masa addu'a, su juye tukwanen a buhu. In buhu ya cika, Fasto Na'Allah, limamin majami'ar, ya sayar ya sayi magani da auduga da alli a aika Tungar Gawo. Haka Ibrah ya roƙa a riƙa yi, haka kuma aka yi har damina uku. Habsa ba ta taɓa fashin Laraba ba. Ba ta haifi namiji ba, kuma a ranta ta daɗe da mayar da yaron nan nata.

Bana da ya zo bikin Ista, a tsakiyar bazara, tana hango shi a ƙofar majami'a ta saki maficin da ke hannunta. Rigar da ta ɗinka masa bara ce a jikinsa, amma kamar ta aro. Wuyansa ya yi tsawo, ƙasusuwan kafaɗa sun fito, idanu sun faɗa can ciki. Ba ta ji kalma ɗaya daga wa'azin ranar ba. Ana tashi ta kama hannunsa ta ja shi gindin dalbejiya.

"Ibrah, mi ya same ka? Ciwo ka yi ba ka hwaɗi ba?"

"Lahiyata lau, Inna. Bara hatsi bai yi ba can wajenmu, kowa haka shike."

"Ban tambaye ka kowa ba. Sau nawa kake cin abinci?"

Ya yi murmushi ya kau da ido. "Abin da Baba Magagi ya ci, shi nike ci."

"To za mu aiko maka da hatsi."

Murmushin ya ɗauke. Ya kama hannunta da hannu biyu. "Inna, don Allah kada ku yi. Ku yi mani addu'a, ku aiko magani kamar yadda anka saba. Hatsi kam a'a. Na roƙe ku."

Habsa ta gyaɗa kai ta sake shi. Ita ma ƴar ƙasar nan ce, ta san ɗa mai tarbiyya. Wa ya taɓa cewa "i" a tayin farko? Ka miƙa wa mutum fura ya ce ya ƙoshi, ka sake miƙawa ya ce wallahi ya sha, sai ka ajiye ƙwaryar a gabansa ka kau da kai, ka dawo ka tarar da ita a wanke. Da Ibrah ya ce ya roƙe ta, sai ta ƙara jin tausayinsa, don a ganinta yawan roƙon shi ke nuna yawan yunwar.

Da ƙarshen bazara buhu biyu suka cika, sai ga Fasto Na'Allah ya tafi taro Yamai. Habsa ta ga Allah ne ya buɗe hanya. Ran Laraba ta shaida wa mata cewa wannan karon ba za a sayar ba, hatsin zai tafi a hatsinsa, kuma ita da ƙafarta za ta kai. Wata ta kawo garin kuka, wata busasshiyar kuɓewa, wata kwalbar man gyaɗa. Safi kaɗai ta yi jim. Matashiya ce mai ɗinki, wadda kakanninta mutanen wajen Damana ne, can kusa da Tungar Gawo.

"Inna, da mun jira Fasto ya komo."

"Yunwa tana jiran taro?"

"Ai Ibrah ya ce kada a aika."

"Ke ma in na tambaye ki kina son sabon zane cewa za ki yi a'a. Tashi ki shirya, ke za ki raka ni."

Motar kasuwa ta sauke su Tabla, suka yi hayar amalanken jaki zuwa tungar. Habsa ta sa zanen zumunta, ta hau kan buhunan ta zauna daram, tana rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa, ko abin da ita take kira ƙasa-ƙasa. Gonaki duk an share su, an tara kara an ƙona, ƙasa na jiran ruwa. Zuciyarta fari ƙal. Tana ta hango fuskar Ibrah in ya ga buhunan.

Rana ta kusa tsaka suka isa. Gidan Magagi ba ya ɓata, shi ne na gindin babban gawon, kuma a inuwar maza suke zaune, wasu na tufka igiya, wasu na gyara ƙotar hauya. Amalanke ya tsaya a gabansu. Wani tsoho dogo, siriri, mai farin gemu da faci a kafaɗar riga, ya miƙe ya amsa sallama. Shi ne Magagi. Aka gaisa yadda ya kamata, aka tambayi gajiya da mutanen Filinge da zafi. Da Habsa ta tsaya a nan, da ta koma gida da labari mai daɗi.

"Ni ce uwar Ibrah ta majami'a," ta ce, tana dukan buhu da tafin hannu. "Abinci munka kawo mashi. Mun gane shi ran Ista ya lalace, ƙashi da hwata, na ce in munka zura ido yunwa za ta kashe muna yaro a ƙauyen mutane. A sauke a kai ɗakinai, shi ci shi ƙoshi."

Da fara'a ta faɗa, har da dariya a ƙarshe. Babu wanda ya taya ta. Mai tufka ya tsaya da igiya a cinya. Safi ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta. Mai amalanken, wanda ya riga ya kama kunnen buhu, ya sake shi a hankali ya koma wajen jakinsa.

Wani magidanci mai faɗin ƙirji ya gyara zama. Abdulgafar ke nan, ɗan ƙanen Magagi, ɗaya daga cikin waɗanda tun farko ba su so zaman baƙon ba. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, kun ji dai. Mu ma mun ji."

"Na ji," in ji Magagi.

"Ba mu munka hwaɗi ba. Uwayenai ne sunka taso tun daga Hilinge."

"Na ce na ji, Abdu."

Tsohon ya juyo wajen Habsa, fuskarsa ba fushi ba fara'a. Ya ce a bar kayan a kan amalanke tukuna, baƙi su shiga daga ciki su sha ruwa. Ya leƙa zaure ya kira matarsa Dija, ya ce ta shimfiɗa tabarma, a kama zakaran nan.

Habsa ta ji wani abu ya gitta, amma ta ɗauka irin nauyin bakin mutanen ƙauye ne. A tsakar gida Dija, tsohuwa ƴar ƙarama mai saurin hannu, ta kawo musu ruwa a ƙwarya. Aka yanka zakara. Habsa ta lura shi kaɗai ne a gidan, ta kuma lura da tukunyar tuwon da aka ɗora, wadda a kantin ko miya ba za ta isa ba. Idonta na madafa ya ƙirga bakunan gidan ba da sonta ba, ya auna su da tukunyar, ya ga ba su haɗu ba. Sai ta ƙara gode wa Allah da ya sa ta zo.

Suna cikin ci Ibrah ya dawo daga gona, hauya a kafaɗa, toka har gwiwa. A ƙofar gida ya ga amalanke, ya ga buhuna, ya ga yadda mazan inuwa suka ƙi haɗa ido da shi. Da ya shigo tsakar gida, Habsa ta ɗaga hannu da cinyar zakara tana shirin yi masa tsiya. Ba ta yi ba. Ba ta taɓa ganin irin wannan fuska a wurinsa ba, kamar wanda aka tare a hanya da labarin rasuwa.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Sannan ya ce, "Inna, mi kunka ce a waje?"

"Mi zan ce? Na ce mun kawo maka abinci."

"Gaban mutane?"

"To a ɓoye zan kawo buhu biyu?"

Ya dubi Safi. Safi ta maimaita masa maganar yadda take, ba ta rage ƙashi da fata ba, ba ta rage yunwar da za ta kashe yaro a ƙauyen mutane ba. Da Habsa ta ji kalmominta a bakin wata, a wannan tsakar gida, kusa da wannan ƴar tukunya, sai ta mayar da cinyar zakaran cikin akushi.

Ibrah ya zauna a ƙasa daɓas. "Inna, akushin Baba shi ne zamana a garin ga. Na hwaɗa maku gaban ikilisiya. Tun da hatsi ya yi ƙasa sau ɗaya muke ci, ni da shi akushi guda, kullum sai shi juya mani gehen da ya hi yawa, shi ce shi tsoho ne cikinai ya ƙanƙance. An zo mashi a kaina ba sau ɗaya ba. Kullum amsatai guda, shina cin nawa. Yau kun zo kun hwaɗa ma gari duka cewa nashi bai isa ba."

"Ni ba haka nike nuhi ba."

"Na sani, Inna."

"Ai taimako na kawo. Addu'a muke yi a kan kowane hannu guda."

"Na sani."

Da ya yi mata faɗa da ta fi jin sauƙi. Ita da ta zo neman wanda ya yi sakaci da yaro, ga shi ta tarar da tsohon da ke kwana da yunwa dominsa, ta kuma tsaya a ƙofarsa ta kwance masa zane a gaban ƴaƴan ƙannensa. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana budurwa. Amma Habsa ba macen zama da kunya ba ce, ita a saninta duk abin da ya ɓaci a tukunya ana iya gyara shi. Ta tashi ta bi Dija bayan ɗaki, inda take wanke hannu.

"Yaya Dija, ki yi mani rai. Hatsin ga ba na Ibrah ba ne, na gidan ga ne. Na ba ki. A shigo da shi, ki daka, kowa shi ci a akushi guda kamar kullum."

Dija ta daɗe tana goge hannu a zane. Ta kalli wajen ƙofa, inda ake hango bayan amalanken, kuma Habsa ta ga abin da ke idonta, don ta san idon mace mai bakuna da yawa da ƴar tukunya.

"Da kin shigo da tiya biyu ƙunshe a zane, kin ce ga tsarabar birni, da na amsa na yi godiya," in ji Dija. "Da kin komo wani wata da wasu biyun, da na amsa. Tsakaninmu mata, wa za shi sani? Amma yanzu gari ya ga buhu, ya ji abin da anka ce a kansu. In sunka ƙetare zauren ga, za a ce Magagi haya shike amsa, addini anka biya shi shi aje. Shi da masallaci sai dai kallo."

"To in hita in ba su haƙuri. In ce ƙarya na yi."

"Ƙarya kin yi?"

Habsa ta juya ta koma kan tabarma.

Bayan azahar Magagi ya dawo daga masallaci, ya aiko a kira baƙi da Ibrah zuwa gindin gawo. Mutane sun ƙaru, har mai gari an kawo masa kujera. Habsa ba ta jira an ba ta dama ba. Ta zube a gaban tsohon, mace mai jikoki, gwiwa biyu a ƙasa.

"Malam, bakina ne ya yi ɓarna, ba yaron ga ba. Bai aike ni ba, hana ni ma ya yi. Ku hukunta ni, in kwashe kayana in tahi, shi ku bar shi."

"Tashi, baiwar Allah. Ba a durƙusa ma mutum." Sai da ta tashi ya ci gaba, yana magana a hankali yadda kowa zai ji. "Ba ki yi ɓarna ba. Gaskiya kin hwaɗi. Yaron ga ya rame a hannuna. Na riga ki gani, kullum da sahe nike gani, na yi shiru don ina son zamanai, kuma don kada a ce na kasa. Uwa ba ta da wannan shirun. Na yi magana gaban mai gari cewa muddin akushina na riƙe da shi, nawa ne. Yau an gane akushin bai riƙe shi ba. Ba ni tauna magana biyu."

"Baba," in ji Ibrah, "ni ban yi kuka ba. Ko ruwa kunka sha shi zan sha."

"Shi ya sa za ka tahi. Kai ba ka kuka, sai dai a wayi gari ka hwaɗi a gona." Ya dubi mai gari. "Na sallami baƙona. Lahiya ya zo, bai ci amanar kowa ba, lahiya za shi koma."

Abdulgafar, wanda ya sami abin da ya daɗe yana nema, bai yi kama da wanda ya ci nasara ba. Ƙasa yake tonawa da tsinke. Wata tsohuwa daga bayan darni ta tambaya wa zai riƙa ɗiga mata magani a ido.

Habsa ta tsaya kamar an dasa ta. Damina uku na Laraba, hannu guda-guda daga tukwanen matan da su ma ba su da shi, duk ta ɗauko su a kan amalanke ta zo ta rushe abin da suke roƙo da rana tsaka. Ta so ta yi addu'a a ranta, ta rasa ta inda za ta fara.

Kayan Ibrah ba su ɗauki lokaci ba. Tabarma, jakar magani, Littafinsa, riga biyu. Ya bar wa Dija maganin idon, ya nuna mata yadda za ta ɗiga wa tsohuwar. Ya bi mazan inuwa ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, har Abdulgafar, wanda ya riƙe hannun ya ɗan daɗe bai saki ba. Mai amalanke ya juya jaki ya fuskanci hanyar Tabla. Habsa ta ɗauka an gama, abin da ya rage ta hau ta ɓoye fuskarta.

"Ku dakata," in ji Magagi.

Ya nufi rumbunsa da ke gefen gida, ya jingina tsani, ya hau da kansa, tsoho da shi. Ya ture hular rumbun ta faɗo ƙasa, ya shiga ciki har ya ɓace. Da ya fito, dami guda ne a kafaɗarsa. Habsa ta yi rayuwarta a cikin hatsi, kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Zangarniya dogaye, cikakku, zaɓaɓɓu ɗaya bayan ɗaya, an ɗaure su da igiyar kaba ba da kara ba. Wannan ba na ci ba ne. Ta waiga ta ga Dija a bakin zaure ta toshe baki da gefen mayafi.

"Iri ne," ta ce, kuma karon farko a rayuwarta muryarta ba ta kai ko'ina ba. Ta sake gwadawa. "Malam, wanga irinku ne. In anka yi ruwa mi za ku shibka?"

"Wannan tsakanina da Allah ne. Baƙona ba shi hita gidana hannu wohi, balle a ce da hatsin wasu ya bar ƙohwata." Ya sauke damin a gaban Ibrah. "Ga guzurinka, ɗana."

"Ibrah, kada ka amsa," in ji Habsa. "Ga buhu biyu nan, mi za mu yi da..."

"Inna, ku yi shiru."

Bai taɓa gaya mata haka ba. Ta ja da baya. Ibrah ya durƙusa, hawaye na bin tokar da ke fuskarsa, ya sa hannu biyu ya ɗauki damin, ya yi godiya da babbar murya yadda duk inuwar za ta ji, ya ce a gidan nan bai taɓa kwana ba a kula da shi ba. Mai gari ya gyaɗa kai. Mazan suka ce madalla, wasu suka dubi Magagi irin kallon da suke yi masa kafin yau. Sai a lokacin Habsa ta gane abin da tsohon ya saya da irinsa, ta kuma gane cewa ita ta sa masa farashin.

Babu wuri a amalanken. Buhuna sun cinye tsakiya, Safi da jakar magani a gefe, Ibrah ya ce shi zai taka a ƙasa. Mai amalanke ya duba nan ya duba can, ya ɗauki damin ya ɗora wa Habsa a cinya. Ta riƙe shi, don in ta saki zai faɗi.

Jaki ya ja. Ba ta so ta waiga ba, amma da suka kai bakin gonaki ta waiga. Mutane sun fara watsewa. Magagi yana tsaye shi kaɗai a gindin rumbu, ya ɗauke tsanin ya kwantar. Hular rumbun tana nan a ƙasa inda ta faɗi, kuma ba wanda ya damu ya mayar da ita, don babu sauran abin da za a rufe.